Kyaftin da Shanyar Nafkin

Akwai wani yaro da aka so a zubar wa da mutunci da sassafe, a gaban jama'a, kuma da hannun mahaifiyarsa. Shi dai haka yake gani.

Yaron nan yana aji biyar a firamare. Shi ne shugaban 'yan ƙwallon ajinsu, don haka kowa Kyaftin yake ce masa. Yaro ne mai son gayu. Ba ya fita sai ya taje kai, ya goge takalmi, ya tsaya gaban madubi ya gaisa da kansa.

Kyaftin yana da ƙanwa jaririya. Fuskarta duk kumatu ce, shi ya sa a gida ake ce mata Kumatu. Ba ta da haƙori ko ɗaya, amma ta fi kowa dariya. Da ta hango yayanta sai ta hau harba ƙafafu tana washe baki.

Kumatu ba ta da wata sana'a sai sha, da barci, da ɓata nafkin. Nafkin shi ne farin ƙyallen nan mai laushi da ake ɗaura wa jarirai. Idan ya ɓaci ba a jefar da shi. Wanke shi ake yi, a shanya, a sake ɗaurawa.

Mama tela ce. Da Kumatu ta ɗan yi ƙwari, sai Mama ta koma shagonta. Kullum da safe takan wanke nafkin, ta goya Kumatu, ta fita da sauri. Baba direban bas ne, shi yakan riga kowa fita. Wa ya rage a gidan? Kyaftin, bawan Allah, wanda bai ci zalin kowa ba.

Mama ta ajiye masa baho a gabansa, cike da wankakken nafkin.

"Daga yau shanya taka ce," in ji ta. "Ka yarfe kowanne, ka baje shi a igiya inda rana za ta same shi. Idan ka dawo daga makaranta ka taɓa ka ji. In ya bushe ƙarau, ka kwashe ka ninke."

Kyaftin ya ce bayansa na ciwo. Mama ta ce shanya maganin ciwon baya ce. Ya ce zai makara. Ta ce to ya rage tsayuwa gaban madubi. Ya ce shi bai taɓa jin kyaftin ɗin da ke shanya nafkin ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa jin kyaftin ɗin da aka haifa da wando ba. Ta gyara goyonta ta tafi.

To, su Kyaftin a saman bene suke zaune. Igiyar shanyarsu tana baranda. Barandar kuwa, don neman magana, filin ƙwallo take kallo. Ta cikin filin nan yaran unguwa suke ratsawa su tafi makaranta.

Kyaftin ya fito yana sanɗa. Ya yarfe nafkin ɗaya, ya baje. Ya ɗauki na biyu ke nan, sai ya ji muryar da ba ya son ji.

Akwai wani yaro a ajinsu da ake kira Rediyo. Wannan rediyon ba ya buƙatar batir. Abin da ya gani da safe, kafin a fita cin abinci ya kai kunnen mai gadin makaranta.

"Jama'a, ku ɗaga kai ku gani," in ji Rediyo daga ƙasa. "Kyaftin ya ɗaga farar tuta. Tun ba a fara wasa ba ya miƙa wuya."

Yara suka fashe da dariya. Kyaftin ya ji kamar bene ya tsage ya shige. Ranar nan a makaranta, duk inda ya juya sai wani ya kaɗa masa farar takarda. Har a layin shan ruwa ba a bar shi ba.

A hanyarsa ta komawa gida ya yi ta tunani. Kafin ya kai ƙofa ya samo dabara, har ya yaba wa kansa.

A bayan kicin ɗinsu akwai wani ɗan ɗakin ajiya. Ba shi da taga. Ba abin da ke ciki sai tsofaffin kwalaye, da tayar mota, da fankar da ta lalace. Ba mai shiga. Washegari da Mama ta fita, Kyaftin ya ɗaura wata tsohuwar igiya daga ƙusar bango zuwa bayan ƙofa. Ya jera nafkin a kai, wani kan wani. Ya ja ƙofa ya rufe.

Ya ce a ransa ai shanya shanya ce. Nafkin yana da ido ne, balle ya san ko a rana yake ko a inuwa?

Ya taje kai, ya fita yana taƙama. Rediyo ya ɗaga kai ya ga baranda wayam. Ya rasa labarin da zai watsa.

Da Kyaftin ya dawo, ya taɓa nafkin. Bai jiƙe sharkaf ba, amma akwai sanyi-sanyi a jikinsa, musamman a bakin ɗinki. Ya ɗan kaɗa shi a gaban fankar falo. Ya ninke da kyau, ya jera a kwando. Mama ta dawo a gajiye, ta ga kwando a shirye, ta sa masa albarka. Kyaftin ya karɓi albarkar ba ko kunya.

Haka aka yi ta tafiya. Bayan 'yan kwanaki nafkin ya fara wani wari, irin na tufafin da aka manta a bokiti. Kyaftin bai rasa dabara ba. Ya ɗauko turaren Baba, ya fesa wa kowanne kaɗan-kaɗan. Ya sunsuna, ya ce ma sha Allah, ko a shago ba a samun irin wannan.

Sai Kumatu ta daina dariya.

Da farko ƙananan ƙuraje ne suka fito mata a inda nafkin ke taɓawa. Daga baya wurin ya yi jawur. Duk lokacin da ta yi fitsari sai ta ƙanƙame jiki ta tsala kuka. Ta rage shan nono. Baba ya saɓa ta a kafaɗa yana zagaya falo yana mata waƙa, amma ba ta yi shiru ba.

Mama ta ɗora wa kanta laifi. Ta ce wataƙila sabulun ne, ta canza sabulu. Ta ce wataƙila ba ta ɗauraya sosai, ta ƙara yawan ɗauraya, har fatar hannunta ta fara tsagewa. Ta ji ƙamshi a jikin nafkin, ta zaci na sabon sabulu ne.

Kyaftin ya je gaban Kumatu ya kumbura baki, ya juya ido, irin wasan da ke sa ta ƙyalƙyala dariya. Ta dube shi da jiƙaƙƙun idanu, ta taɓe baki, ta ci gaba da kuka.

Kyaftin ya ce wa kansa ina ruwan shanya da ƙuraje. Ya sake faɗa wa kansa. Amma abincin da aka zuba masa bai iya cinyewa ba.

Ranar Juma'a da yamma Mama ta ce asibiti za a je. Ta ba Kyaftin jakar kayan Kumatu ya riƙe.

Nas ɗin da ta duba Kumatu babbar mace ce mai tabarau. Ta kwance nafkin a hankali, ta duba fatar, ta girgiza kai. Ta tambayi Mama ko tana canza wa yarinyar nafkin da zarar ya jiƙe. Mama ta ce tana yi. Ta tambaya ko tana ɗauraye sabulu tas. Mama ta nuna mata hannuwanta.

Nas ta zaro nafkin ɗaya daga jaka. Ta murza shi a tafin hannu, ta kai hanci.

"A ina kuke shanya wannan?"

"A baranda, cikin rana," in ji Mama. "Yayanta ne ke shanyawa. Ba ya fashi ko sau ɗaya, yaron kirki ne."

Da Mama ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Kyaftin ya kalli takalminsa mai sheƙi. Ya kalli Kumatu tana shessheƙa a kan gadon asibiti. Sai ya ɗago kai.

"Mama, ba a baranda nake shanyawa ba."

Mama ta juyo.

"A ɗakin ajiya nake shanyawa. Yara ne suke mini dariya. Da ya fara wari kuma, na fesa masa turaren Baba."

Nas ta cire tabarau ta dube shi. Ba ta yi masa tsawa ba. Ta ce ya matso.

"Ka ga nafkin ɗin da bai bushe ba," in ji ta, "gida ne ga ƙwayoyin cuta. Suna son danshi, suna son duhu. Rana da iska ne ke korarsu. Turare kuma ba ya wanke komai. Rufe wari kawai yake yi, sannan ya ƙona fatar jariri. Fatar ƙanwarka ba irin taka ba ce, ta fi taka laushi nesa ba kusa ba."

"Za ta warke?" in ji Kyaftin.

"Za ta warke, idan an gyara abin da aka ɓata."

Ta ba Mama man da za a riƙa shafawa. Ta ce a riƙa barin Kumatu ba nafkin na ɗan lokaci, wurin ya sha iska. Ta ce duk nafkin ɗin gidan a sake wanke shi da ruwan zafi, a ɗauraye, a shanya a rana har ya bushe ƙarau.



Da Baba ya dawo ya ji labari, ya ɗauko kwalbar turarensa ya ɗaga ta sama. Ya ce shi da ya zaci yoyo take yi, har yana shirin komawa wurin mai shago da faɗa. Sannan ya ajiye kwalbar, fuskarsa ta canza. Ya zaunar da Kyaftin a gefensa.

"Dariyar da aka yi maka, ta fito maka da ƙurji ko ɗaya?"

"A'a, Baba."

"To ita wadda ba ta iya magana ba, wa za ta kai wa ƙara? Kai ne yayanta. Kai muka bar wa amanarta."

Kyaftin ya sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a gwiwarsa.

Mama ta ce gobe Asabar ba za ta buɗe shago da wuri ba, za ta tsaya ta yi wankin. Kyaftin ya share fuska ya miƙe.

"Mama, ni na ɓata. Ni zan wanke. Ki koya mini kawai."

Mama ta tuna masa cewa gobe ne wasansu da 'yan aji shida, wasan da ya dame su da zancensa tun farkon zango.

"A yi ba ni," in ji Kyaftin.

Da gari ya waye aka fito da bokitai. Mama ta nuna masa komai daki-daki. Wanda Kumatu ta yi wa kashi, a fara karkaɗe shi a masai, a ɗauraye da ruwan sanyi. Ba a barin shi ya kwana a jiƙe cikin leda. Ruwan zafi kuwa Mama ce ta zuba da kanta, ta ce wannan ba aikin yara ba ne. Aka jiƙa nafkin a ciki har ruwan ya huce.

Kyaftin ya naɗe hannun riga ya hau cuɗawa. Ya so ya zazzaga sabulu da yawa don kumfa ta tashi. Mama ta riƙe hannunsa. Ta ce sabulu kaɗan ya isa, wanda ya yi yawa maƙalewa yake a ƙyalle ya ci fatar yaro.

Sai ɗauraya. Kyaftin ya ɗauraye, ya ce ya gama. Mama ta nuna masa kumfa a saman ruwa. Ya zubar, ya sake. Ya ce yanzu kam ya gama. Mama ta matse nafkin ɗaya, ruwa mai fari-fari ya fito. Ya zubar, ya sake. Bayansa da ya yi ƙaryar yana ciwo, yau ya yi ciwon gaske. Yatsunsa suka yi yaushi. Amma bai tashi ba sai da ruwa ya fito garau, kamar a sha.

Ya wanke hannuwansa da sabulu. Ya ɗauki baho. Yanzu saura babban aiki.

Ta ƙofar baranda yana jin hayaniyar fili. Ba 'yan ajinsu kaɗai ba, har 'yan aji shida, da ƙannensu, da mai sayar da lemo. Kai, kamar gayyato su aka yi don su kalle shi. Ƙafarsa ta so ta juya. Sai ya ji kukan Kumatu daga ɗaki. Ya tura ƙofa da kafaɗa ya fita.

Bai yi sanɗa ba. Ya ɗauki nafkin ya yarfe shi da ƙarfi, har ya yi ƙara. Ya baje a igiya.

Rediyo bai ɓata lokaci ba. Ya haɗa hannuwa a baki ya sanar da duniya cewa Kyaftin ya bar ƙwallo ya koma aikin wanki da guga. Aka yi dariya. Kyaftin bai tsaya ba. Ya ɗauki na gaba, ya yarfe, ya baje.

Malamin wasanni, wanda zai busa wasan, ya tako har ƙasan bene. Ya tambayi Kyaftin me ya hana shi saukowa, ga shi ana jiransa.

"Malam, ƙanwata ce ba lafiya, kuma ni na jawo. Sai na gama wannan, na tsare shi har ya bushe."

Malam ya tsaya yana kallon igiyar.

"To ai ba haka ake yi ba," in ji shi. "Wancan na ƙarshe ka ninka shi biyu. Buɗe shi gaba ɗaya. Ka kuma bar tazara tsakaninsu, iska ta samu hanya."

Kyaftin ya gyara. Yaran da suka biyo Malam suka kalli juna. Rediyo ya kasa haƙuri, ya tambayi Malam a ina ya san wannan. Malam ya ce tagwaye gare shi a gida, kuma ba aljanu ne ke musu shanya ba. Sannan ya dubi Rediyo daga sama har ƙasa, ya ce da ganinsa shi ma ya ba wani wahalar wanki lokacin da yake jariri, don mai baki irin wannan ba zai rasa cika nafkin ba.

Wannan karon ba Kyaftin aka yi wa dariya ba.

Aka busa wasa. Kyaftin ya kalla daga sama, yana juya nafkin idan gefe ɗaya ya bushe. 'Yan ajinsu suka sha kashi. Abin ya yi masa ciwo, ko da yake ya ce a ransa ai dole, tun da gwanin ba ya ciki.

Da rana ta karkata ya taɓa nafkin. Ya bushe ƙarau, da ɗumi, ba wani wari. Ya taɓa bakin ɗinki, nan ma a bushe. Ya kai wa Mama ɗaya. Ta murza, ta sunsuna, ta gyaɗa kai. Ta shafa kansa, ta ɓata masa tazar da ya yi, bai ko damu ba.

Kada ku zaci tsokana ta ƙare a ranar. Ina! Ranar Litinin wasu suka ce shi ya sa aka ci su. Wasu suka ci gaba da kaɗa masa takarda. Kyaftin ya ji zafi, amma kullum da safe yana baranda da bahonsa. Ranar da hadari ya taso ma bai koma ɗakin ajiya ba. Ya tambayi Mama, ta ce a shanya a falo kusa da taga, a kunna fanka, idan ta dawo ta bi da dutsen guga. Masu tsokana suka ga ba ya gudu, ba ya ɓuya. Suka gaji, suka nemi wani abin yi.

Kumatu kuwa, jan ya fara dushewa. Ƙurajen suka bushe. Ta koma shan nono kamar mai ramuwa. Kowace yamma Mama takan shimfiɗa mata tawul ta bar ta ba nafkin, Kyaftin ya zauna gefe yana gadi.

Wata yamma Mama ta duba wurin, ta kira Baba, ta kira Kyaftin. Fatar ta koma sumul, ba ko tabo.

"Zo ka ɗaura mata da kanka," in ji Mama. "Ka cancanta."

Ta nuna masa yadda ake ninka nafkin ya yi kusurwa uku. Ta nuna masa yadda zai sa yatsunsa tsakanin fil ɗin da ake maƙale nafkin da shi da cikin Kumatu, don in fil zai soki wani, shi ya soka. Kyaftin ya durƙusa, sanye da sabuwar rigarsa. Ya ɗaga ƙafafun Kumatu a hankali, yana cije leɓe kamar mai bugun fenariti.

A daidai lokacin Kumatu ta saki fitsari. Ta jiƙa sabon nafkin, ta jiƙa tawul, ta jiƙa hannun sabuwar riga. Ba kuka, ba ƙanƙame jiki. Ta dubi yayanta, ta ƙyalƙyale da dariya, kumatu na rawa.

Baba ya riƙe ciki. Mama ta juya baya kafaɗunta na girgiza. Kyaftin ya kalli rigarsa, ya ce wannan ita ce godiyar da aka ga ya dace da ita, bayan duk wahalar da ya sha. Sannan shi ma ya fashe da dariya. Ya miƙa hannu cikin kwando ya ɗauko wani busasshe.

Yara, aikin da zai kare lafiyar ɗan'uwanku ba abin kunya ba ne, ko da duk unguwa za ta yi muku dariya. Idan an ba ku aiki, ku yi shi yadda aka ce. Idan kuma kun yi kuskure, kada ku rufe shi. Ku faɗi gaskiya da wuri, ku tsaya ku gyara.